TARIHI: Edward Forbes, masanin da ya auna rayuwar ƙarƙashin teku gaba-gaba

A Kurfi ko Dutsin-Ma, idan aka tambayi mahaƙin rijiya zurfin aikinsa, da gaba yake ba da amsa: gaba takwas, gaba goma sha biyu. Gaba ita ce tsawon hannuwa biyu idan mutum ya ware su, daga kan yatsa zuwa kan yatsa. Mahaƙin ya kuma san cewa kowane zurfi da irin ƙasarsa, akwai inda ake samun rairayi, akwai marmara, akwai yumɓu, kafin a kai ga ruwa.

Matuƙan jiragen ruwa na Birtaniya ma da gaba suke auna zurfin teku tun zamanin da, sai dai sun tsayar da tasu a kan ƙafa shida, wato mita 1.8 da 'yar ɗoriya. Da wannan ma'auni ne wani masani mai suna Edward Forbes ya nuna wa duniya, kusan shekara 180 da suka wuce, cewa dabbobin da ke zaune a ƙasan teku suna da tsari irin na unguwanni, kuma zurfin ruwa ne ke raba wa kowa mazauninsa. Ya yi daidai a duk inda igiyarsa ta kai. A inda ba ta kai ba kuwa ya yi hasashe, hasashen ya zama ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi shahara a tarihin kimiyyar teku.

Yaron tsibiri

An haifi Forbes ranar 12 ga Fabrairu, 1815, a garin Douglas na tsibirin Man, wani ɗan ƙaramin tsibiri da ke tsakanin Ingila da Ireland. Mahaifinsa mai harkar banki ne. Yaron ya taso da rashin lafiya, har ya kai wajen shekara goma sha biyu bai shiga makaranta ba. A wannan zama na gida ne ya kama tara ƙwari da tsirrai da duwatsu da katantanwar bakin teku, yana jera su, yana zana su.

A 1831 ya tafi Landan da niyyar zama mai zane, amma babbar makarantar zane ta birnin ba ta karɓe shi ba. Cikin shekarar ya nufi Jami'ar Edinbara a Sikotilan ya shiga karatun likita. Nan ma zuciyarsa ba ta zauna ba. Ya fi son darussan tsirrai da na tarihin halittu, kuma duk hutu yana cikin kwalekwale ko kan hanya: Norwe a 1833, Faransa da Suwizalan da Jamus a 1835, Aljeriya a 1837. A 1836 ya ajiye karatun likita ba tare da ya karɓi shaidar kammalawa ba. A 1838 ya wallafa ɗan littafi kan dabbobi masu ɓawo na tsibirinsu, a 1841 kuma ya fitar da littafi kan taurarin teku na Birtaniya, waɗannan dabbobi masu hannuwa biyar da ke rarrafe a ƙasan ruwa, kuma shi da kansa ya zana hotunan da ke ciki.

Komar ƙarfe da takardar lissafi

A wancan zamani babu kyamarar shiga ruwa, babu jirgin nutso na bincike. Hanya ɗaya ta sanin abin da ke ƙasan teku ita ce a kankaro shi. Masu kamun kawa na Turai suna da wata irin koma mai bakin ƙarfe da jakar raga a bayanta, ana ɗaura mata doguwar igiya a jefa, jirgi ya ja ta a kan ƙasan teku, sannan a janyo ta da ƙarfin hannu. Wani masani ɗan Denmark, Otto Friedrich Müller, shi ne ya fara gyara ta don aikin bincike a ƙarni na 18.

Abin da Forbes ya ƙara shi ne tsari. Kafin shi yawancin masu tara katantanwa kyanta suke nema don ado da ajiya. Shi kuwa ya tanadi takarda mai gurabe da ake cikewa duk lokacin da aka janyo koma: ranar aiki, wuri, nisa daga gaɓa, zurfi gaba nawa, irin ƙasar da aka taɓa, rairayi ce ko tsakuwa ko laka, sunan kowace dabba, guda nawa ke da rai, guda nawa ne ɓawon matattu. A 1839 Ƙungiyar Bunƙasa Kimiyya ta Birtaniya ta kafa kwamitin wannan aiki, Forbes yana cikin jagororinsa. Takardun da suka taru daga gaɓoɓi daban-daban suka fara nuna abu guda: a zurfi iri ɗaya da ƙasa iri ɗaya, dabbobi iri ɗaya ake samu tare.

Daga nan ya raba tekunan Birtaniya zuwa ɗamara huɗu. Ta farko ita ce bakin gaɓa, inda teku ke cikowa ya janye sau biyu a yini. Ta biyu tana sauka zuwa gaba 15, inda dogayen ciyayin teku ke yin kurmi. Ta uku daga gaba 15 zuwa 50, inda ciyayi ke raguwa. Ta huɗu daga gaba 50 zuwa ƙasa, mazaunin murjanin zurfi.

Wata goma sha takwas a Tekun Ejiyan

A Afrilun 1841 Kyaftin Thomas Graves ya gayyaci Forbes ya shiga jirgin sojan ruwa mai suna Beacon, wanda ke aikin zana taswirar Tekun Ejiyan, wani reshe na Bahar Rum tsakanin Girka da Turkiyya. Ya shafe wata goma sha takwas a wannan tafiya. Ya jefa komarsa fiye da sau 100, daga bakin gaɓa har zuwa zurfin gaba 230, wato kimanin mita 420. Babu inji, mutane ne ke jan igiyar, kuma janyo koma ɗaya daga irin wannan zurfi aiki ne mai cin lokaci da ƙarfi.

A 1842 ya zaga yankin Lisiya na kudancin Turkiyya tare da wani hafsa, Thomas Spratt, da wani limamin coci, Edward Daniell. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe Daniell, ya kuma kwantar da Forbes har aka fitar da rai da shi. Ya tashi, amma jikinsa bai koma kamar da ba.

A 1843, a taron ƙungiyar kimiyya da aka yi a birnin Cork na Ireland, ya gabatar da sakamakon aikinsa. Ya raba ƙasan Tekun Ejiyan zuwa ɗamara takwas. Ta farko daga bakin ruwa zuwa gaba 2 ce kacal, ta biyu daga 2 zuwa 10, ta uku daga 10 zuwa 20, ta huɗu daga 20 zuwa 35, haka suke ƙara faɗi har ta takwas, wadda ta kama daga gaba 105 zuwa 230. Kowace ɗamara da dabbobin da suka fi yawa a cikinta, waɗanda da an gan su an san zurfin da aka taɓa. Ya lura cewa ɓawon dabbobin sama ya fi launi, na ƙasa kuwa fari ne ko koɗaɗɗe. Ya kuma lura cewa dabbobin zurfin Ejiyan sun fi kama da na tekunan arewa masu sanyi, kamar dai sauka ƙasa a cikin teku daidai yake da tafiya arewa a doron ƙasa.

Abin da zurfi ke sauyawa

Dabba ba ta san adadin gaba ba. Abin da take ji a jikinta shi ne abubuwan da ke sauyawa tare da zurfi, kuma gaɓa mai rairayi ta fi ko'ina nuna wannan a fili.

Na farko shi ne motsin ruwa. A inda igiyar ruwa ke fashewa, rairayi ba ya zama wuri ɗaya ko na minti guda. Ruwa yana kwashe ƙananan ƙwayoyi ya bar manya, kamar yadda mai sheƙar hatsi ke raba tsaba da ƙaiƙayi. Babu dutsen da za a manne wa, babu ciyawar da za a ɓuya a ciki. Dabbobin da ke iya zama a nan ba su da yawan iri: ƙumba mai santsin ɓawo da ke nutsewa cikin rairayi cikin 'yan daƙiƙoƙi idan ruwa ya tono ta, da ƙananan ƙaguwa, da wasu tsutsotsi masu saurin haƙa.

Idan aka matsa ciki kaɗan, ƙarfin igiyar ruwa ba ya kai wa ƙasa sai lokacin guguwa. Rairayi yana yin laushi, yana zama. A nan tsutsotsi ke gina bututun zama da ƙwayoyin yashi, ƙumba iri-iri ke binne kansu suna miƙo bututun shan ruwa, taurarin teku ke yawo suna farautarsu. Yawan iri yana ƙaruwa sosai. Idan aka ƙara sauka, ruwa ya natsu ƙwarai, laka ta kwanta, sai mazauna su sauya: masu tace abinci daga ruwa su ragu, masu cin laka su yawaita.

Na biyu shi ne haske, wanda ke raguwa har ciyayi su kasa rayuwa. Na uku shi ne zafi da sanyi: ruwan bakin gaɓa yana zafi da rana ya huce da dare, na ƙasa kuwa kusan hali ɗaya yake zaune duk shekara. Na huɗu shi ne abinci, domin mazauna zurfi suna dogara ne da abin da ya gangaro daga sama. Forbes bai iya auna duka waɗannan ba, amma ya gane cewa zurfi da irin ƙasa da zafin ruwa tare suke aiki.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin ɗaya daga cikin mazauna ɗamarar sama. Wuri, kuɗin da ake ciniki da shi a kasuwannin Katsina da Kano a zamanin Forbes, ɓawon wata ƙaramar dabba ce mai zama a ruwa marar zurfi a Tekun Indiya, musamman tsibiran Maldibs. Arahar tara shi a bakin gaɓa na cikin dalilan da suka sa ya yi yawan da zai zama kuɗi.

Inda igiya ta ƙare

A Tekun Ejiyan, duk sa'ad da koma ta ƙara sauka, abin da take fitowa da shi raguwa yake yi. A ɗamara ta takwas 'yan dabbobi kaɗan ne, ƙanana. Forbes ya dubi yadda adadin ke sauka, ya ci gaba da jan layin a tunaninsa, ya yi hasashen cewa a wajen gaba 300, kimanin mita 550, rayuwa za ta ƙare ɗungurungum. Komarsa ba ta taɓa kai wa wannan zurfi ba. Tsakanin inda ya auna da inda ya yi hasashe akwai gaba 70 da bai gani ba, ƙarƙashinsu kuma akwai dubban mitoci.

Shi dai a matsayin zato ya gabatar da maganar, amma masana da yawa suka ɗauke ta kamar hukunci. Ta yi daidai da hankali: a irin wannan zurfi babu haske, ga sanyi, ga nauyin ruwa da ya ninka na iskar da mutum ke ciki fiye da sau hamsin. Fiye da shekara ashirin ana koyar da cewa mafi yawan ƙasan teku kufai ne.

Abubuwa biyu suka yaudare shi. Gabashin Bahar Rum na cikin tekuna mafi ƙarancin abinci a duniya, don haka zurfinsa ba ya wakiltar sauran tekuna. Sannan komarsa ƙaramin baki gare ta, takan cika da laka da wuri, ragarta kuma tana zubar da ƙananan halittu, waɗanda su ne suka fi yawa a can ƙasa. Akwai ma shaidun da aka yi watsi da su. Tun a 1818 matuƙin jirgi John Ross ya janyo wani irin tauraron teku a jikin igiyar awo daga zurfi mai nisa a mashigin Baffin. A 1850, Forbes yana raye, masanin Norwe Michael Sars ya wallafa jerin dabbobin da aka samo a ƙasa da gaba 300.

Shekarun Landan

Forbes ya koma Ingila a Oktoban 1842 ya tarar dukiyar mahaifinsa ta karye, dole ya nemi aikin albashi. Ya zama mai kula da ɗakin adana kayan tarihi na Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan, a 1843 ya zama farfesan ilimin tsirrai a Kwalejin King's, a 1844 kuma ya zama masanin burbushin halittun da na Hukumar Binciken Duwatsu ta Birtaniya. Ilimin da ya samo a teku ya yi masa amfani a tudu: idan ya ga irin ɓawon da ke cikin dutse, yana iya faɗin zurfin tekun da dutsen ya kwanta a cikinsa a zamanin da.

A 1846 ya wallafa dogon nazari kan yadda tsirrai da dabbobi suka shiga Birtaniya, inda ya danganta yaɗuwarsu da zamanin ƙanƙara. Charles Darwin ya yarda daga baya cewa Forbes ya riga shi buga wannan bayani game da tsirran kan duwatsu, ko da yake bai amince da ra'ayinsa na cewa manyan ƙasashe sun nutse a teku ba. A 1848 ya auri Emily Ashworth, suka haifi 'ya'ya biyu. Tsakanin 1848 da 1853 shi da Sylvanus Hanley suka fitar da littafi mai juzu'i huɗu kan dabbobi masu ɓawo na Birtaniya. A 1853 aka zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Masana Duwatsu. Abokansa sun san shi da raha da zanen barkwanci, shi ne ma ya kafa wata ƙungiyar cin abinci ta matasan masana da ke yi wa manya ba'a a gefen taron shekara-shekara.

Burinsa na shekaru shi ne kujerar farfesan tarihin halittu a Edinbara, ta tsohon malaminsa Robert Jameson. Ya same ta a 1854. Bai yi wata bakwai a kanta ba ciwon ƙoda ya kama shi, ya mutu ranar 18 ga Nuwamba, 1854, a Wardie kusa da Edinbara, yana da shekara 39. An binne shi a maƙabartar Dean. Littafinsa na ƙarshe kan tekunan Turai abokinsa Robert Godwin-Austen ne ya ƙarasa shi, ya fito a 1859.

Yadda hasashen ya rushe

A 1860 aka janyo wayar tangaraho da ta lalace tsakanin tsibirin Sardiniya da gaɓar Aljeriya, daga zurfin da ya kai kimanin gaba 1,200. Aka tarar da murjani da wasu dabbobi manne a jikinta. A 1869 Charles Wyville Thomson, a jirgin Porcupine, ya janyo dabbobi masu rai daga gaba 2,435 a Tekun Atlantika. Thomson ɗin nan ya hau kujerar da Forbes ya mutu a kanta a 1870, kuma shi ya jagoranci masanan jirgin Challenger da ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876, ya dawo da sababbin halittu fiye da iri 4,000. A 1951 jirgin Denmark mai suna Galathea ya fito da dabbobi masu rai daga zurfin da ya haura mita 10,000 kusa da Filifin.

Kuskuren Forbes ya ba masana dalilin kashe kuɗi da lokaci su sauka ƙasa, kuma da hanyarsa ta awo da rubutawa suka rushe hasashen nasa. Batun ɗamara kuwa ya tsaya. A farkon ƙarni na 20 masanin Denmark Johannes Petersen ya ƙera wata na'ura mai muƙamuƙi biyu da ke gatso kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita daga ƙasan teku, ta yadda za a iya ƙirga mazauna wurin a auna nauyinsu. Ya tarar da rukunonin dabbobi masu bin zurfi da irin ƙasa, na ruwa marar zurfi daban, na rairayi daban, na laka daban. Manufarsa ita ce sanin yawan abincin da kifi ke samu a ƙasan teku. A 1958 aka wallafa irin wannan bincike daga Afirka ta Yamma: John Buchanan ya bi ƙasan teku daga gaɓar Akara zuwa ciki, Alan Longhurst kuma ya yi nasa daga Saliyo. Su ma sun ga rukunoni suna sauyawa da zurfi da irin ƙasa.

Daga Legas zuwa Zobe

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, mafi yawanta rairayi da laka. A waɗannan ɗamarori na sama ne jatan lande da kifayen ƙasa ke samun abinci, kuma a nan ne ake kwasar yashi don cike ruwa da gine-gine a Legas, a nan jiragen kamun kifi ke jan manyan tarunansu, a nan ake shimfiɗa bututun mai. Mai son sanin ɓarnar da irin waɗannan ayyuka suka yi dole ya san abin da ke zaune a kowane zurfi kafin a fara, kuma takardar da masu wannan bincike ke cikewa a yau ba ta da nisa da wadda Forbes ya tsara.

Ƙa'idar tana aiki a ruwan daɗi ma. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, tsayin bangonta kimanin mita 19 ne, wato gaba goma da 'yan kai, daidai da ɗamarori biyu na farko na Forbes. Masunta sun san karfasa takan haƙa ramin ƙwai a ruwa marar zurfi, tarwaɗa kuwa ta fi son laka. Dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya ma a bakin ruwa mai ciyayi yake zama, daidai inda yara ke wanka, mata ke wanki. Sanin wa ke zaune a wane zurfi shi ke nuna wa ma'aikacin lafiya inda zai duba, ya nuna wa mai kula da kamun kifi inda ya kamata a bar wa kifi ya hayayyafa.

Ɗalibin ilimin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da zai ɗauki kwalekwale da igiya ya ɗebo laka daga mita ɗaya, da uku, da biyar, ya ƙirga abin da ke ciki, aikin Forbes yake maimaitawa. Tarihin mutumin ya bar masa abu biyu: ya rubuta zurfi da irin ƙasa a gefen kowace dabba da ya samu, sannan ya bayyana a rahotonsa inda igiyarsa ta tsaya.